Allon da Ba Ya Wankuwa

'Yata,

Saƙonki ya same ni ranar Laraba bayan la'asar. Ina zaune a tsakar gida ina tsince shinkafa, sai jikar maƙwabciyata ta buɗe mini wayar. Bidiyo biyu ne. Na ajiye faifan, na ɗauko tabarau, na kalli kowanne sau uku. Ɗaya ya sa ni murna har na kira mutanen gida su zo su gani. Ɗayan kuwa na kwana da shi a raina. Shi ya sa na ce bari in rubuto, don maganar waya tana da gaggawa, ni kuma ba gaggawa nake so mu yi ba.

Bari in fara da na angona, wato babban ɗan nan naki da ba kya faɗin sunansa. Shekara goma sha shida, amma dubi abin da suka haɗa shi da abokansa na aji. Minti bakwai kacal. Yaro mai tallan ruwan leda ya tsinci waya a ƙarƙashin bencin mai shayi. Wayar tana ta ƙara a hannunsa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya kai yatsa zai kashe, sai ya fasa. A wurin nan na ji zuciyata ta tsaya tare da yatsan. Babu wanda ya yi magana, amma kowa ya san abin da ke kai-komo a ran yaron. Wanda ya iya nuna wannan a shekarunsa, Allah ya ba shi ido. Kada ki bari a dushe masa shi da faɗa.

Na san dangi za su yi magana. Za a ce yaro ya bar karatu ya koma wasan kwaikwayo. Ki yi musu uzuri, tsoro ne na ƙauna. Amma ki tuna musu da tashe. Idan azumi ya kai goma, mu ma haka muke fita bayan shan ruwa. Maza su manna auduga a haɓa su zama tsofaffi, mu mata mu ɗaura zanen iyayenmu mu kwaikwayi zaman aure, gida-gida, ana ba mu hatsi da 'yan kwabbai. Babanki, Allah ya jiƙansa, babu wanda ya kai shi iya tafiyar tsoho da sanda. Idan motar majigi ta zo gari kuwa, tun kafin magariba muke kama wuri a fili. Son labari da son kwaikwayo a jininmu suke. Kayan aikin ne kawai suka sauya.

Masana'antar finafinan nan ta Kano da ake ji da ita, ai daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na matasa ta taso. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, a kaset ɗin bidiyo, da ɗan abin da ke hannunsu. A Kaduna ma an yi wasu samari, 'yan'uwa da abokai, da suka kira kansu The Critics. Wayarsu fuskarta a fashe take. Ƙafar kyamararsu tsohon ƙarfen makirfo ne da ya karye. Suka tara kuɗi suka sayi koren ƙyalle, suka rataya, suka koyi dabarun haɗa hoto daga darussan YouTube. A 2019 labarinsu ya zaga duniya. Daga baya J.J. Abrams, wanda ya ba da umarni a finafinan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki daga Amurka. A Legas kuma akwai yaran Ikorodu, masu kwaikwayon tallan manyan finafinai da baro da tarkacen gida, har kamfanin Netflix ya aika musu da kyamarori a 2020. Ki ba shi labarinsu. Ki kuma gaya masa sun yi shekaru suna yi kafin duniya ta san da su. Da rarrafe yaro kan tashi.

Ga 'yan gyare-gyare daga tsohuwar malama, ki isar masa a hankali. Ƙarar janareton maƙwabta ta cinye rabin maganar mai shayin. Mutum yakan haƙura da hoto mai duhu, amma idan bai ji abin da ake faɗa ba, sai ya wuce. Su nemi lokacin da unguwa ta yi shiru, su matso da wayar kusa da bakin mai magana. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana taushi a fuska. Su rubuta labarin a takarda kafin su fita, fitowa bayan fitowa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Waƙar nan da suka ɗora a ƙarshe kuwa tana da mai ita. YouTube na da na'urar da ke gane waƙar mutane, tana iya toshe fim ɗin ko ta mayar da kuɗin talla ga mai waƙar. Ko babu na'ura ma, haƙƙi haƙƙi ne. Cikin abokansa ba za a rasa mai iya buga kalangu ko busa sarewa ba. Su yi nasu. A ƙarshen fim kuma ya rubuta sunan kowa, har da wanda ya riƙe lema da wanda ya ara musu benci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma yawancin ƙungiyoyin yara a kan rabon yabo suke watsewa.

Abu ɗaya ne nake so ki zaunar da shi a kansa. A bayan yaron mai talla na ga wata dattijuwa tana ciniki, tana ƙirga canji daga bakin zaninta. Ba ta san ana ɗauka ba. Wataƙila ba za ta damu ba. Wataƙila kuma 'ya'yanta su gani su ji ciwo. Sallama ake yi kafin a shiga gidan mutum, to fuskar mutum ma gidansa ce. Ya koyi cewa, “Baba, muna ɗaukar hoto, ko za mu iya?” Yawancin mutane za su yi murmushi su ce bismilla. Idan za su sa yarinya a fim, a je a gaida iyayenta tukuna, a nuna musu labarin. Idan a harabar makaranta ne ko da kayan makaranta, a nemi izinin shugaban makarantar. Bindigar roba da kakin soja kuwa, a wannan zamani da muke ciki, kada su kuskura su fita titi da su. Jami'in da ya hango su daga nesa bai san wasa ake yi ba.

Ya kuma kiyayi bakinsa a kan mutane. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala ashirin-ashirin da tara, saboda abin da suka faɗa a kan gwamna. Mutane sun yi ta muhawara a kan hukuncin, amma jikin yaran ne ya ɗauka. Ba ina cewa ya zama matsoraci ba. Labari mai kyau yana iya faɗin gaskiya mai ɗaci ba tare da ya kama sunan kowa ba. Tatsuniyoyinmu sun daɗe suna yi wa sarakuna hannunka-mai-sanda da bakin Gizo. Sannan jarrabawar WAEC na tafe. Ku yi yarjejeniya, fim a hutu da ranar Asabar, littafi sauran kwanaki. Ko darakta sai da karatu yake rubuta labari.

To, yanzu na zo kan na biyun, na kishiyata, wato 'yar nan taki mai shekara biyar.

Na ga tabarmar da kika shimfiɗa a inuwar darbejiya. Na ga murafen kwalba da kika jera mata, ja da kore. Dabara ce mai kyau, da ita na koyar da ƙirga shekara da shekaru. Ta fara, ɗaya, biyu, uku, tana tura kowane murfi da ɗan yatsanta. Ta kai bakwai, sai ta ce tara. Kika ce ta sake. Ta sake, ta ce tara. Na ji dariyarki a bayan waya, dariyar uwa ce, babu mugunta a ciki ko kaɗan. Amma ki koma ki kalli wurin da kyau. Kafin ta fashe da kuka, ta ɗago ido. Ba ke ta duba ba, 'yata. Wayar ta duba. Sannan ta sa hannu ta rufe murafen.

Kin rubuto mini da murna cewa wannan ne bidiyon da ya fi kowanne samun masu kallo a tasharki. Na yarda. Kukan yaro da kuskurensa suna da farin jini. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Bari in ba ki wani labari da ban taɓa ba ki ba. A shekarata ta biyu da fara koyarwa, ina riƙe da aji biyu a wata firamare ta ƙauye. Wata rana baƙi suka zo daga ofishin ilimi. Ina so su ga ƙoƙarina, sai na kira yarinyar da ta fi kowa kaifin kai. Na rubuta a allo, “Baba ya sayo dawa.” Yarinyar tana rikita harafin b da d, kamar yadda yara da yawa ke yi a wannan shekarun. Ga baƙi, ga tsoro. Ta buɗe baki da ƙarfi ta ce, “Baba ya sayo bawa.” Aji ya kwashe da dariya. Baƙin ma suka dara. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi murmushi. Daga ranar sunanta ya koma Sayo-bawa. A rijiya haka ake kiranta, a dandali haka. Ba ta ƙara ɗaga hannu a ajina ba har shekara ta ƙare. Bayan fiye da shekara ashirin na haɗu da ita a gidan suna, da goyonta da 'yan biyu a gefe. Ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Muna cikin hira ta ce, “Malama, kin tuna ranar dawa?” Tana murmushi ta faɗa, amma idonta bai yi murmushi ba.

Mutum nawa ne suka ga wannan kuskuren? Ba su fi hamsin ba, kuma a ƙauye ɗaya. Duk da haka ya bi ta har gidan miji. To ina ga wanda dubbai suka gani, kuma kowa yana da kwafinsa a aljihu?

Ki tuna makarantar allo da kika yi a zauren Malam. Yaro ya rubuta da tawada, ya karkace, ya tsallake baƙi. Malam ya duba ya gyara masa. Ya biya, ya biya, har ya zauna a kansa. Sannan a ce je ka wanke. Ruwa ya tafi da rubutun jiya, da kyakkyawan da karkataccen, allo ya bushe a rana, gobe a ɗora sabo. Na daɗe ina ganin rahama a cikin wannan wankin. Ɗan koyo yana bukatar wurin da zai yi kuskure a manta. Intanet kuwa allo ne da ba ya wankuwa. Ko kin goge daga tasharki, wani ya riga ya sauke, ya tura guruf, daga can ya tafi inda ba ki sani ba. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta nisan tafiya. Wata rana kishiyata za ta kai shekara goma sha uku, shekarun da ƙuruciya ke jin kunyar inuwarta. Wata 'yar ajinsu za ta tono bidiyon nan. Ba ta ba da izini ba, kuma a shekara biyar ba ta ma san abin da ake nema izininsa ba.

Kin ga bambancinsa da na yayanta? Shi aiki ya gama, ya tace, ya zaɓi abin da zai nuna, ya fito da shi da kansa yana alfahari. Ita kuwa a tsakiyar koyo aka buɗe mata labule. Tuwon da ya nuna ake kai wa baƙo. Wanda ke kan wuta a bar shi a madafa.

Akwai kuma maganar su wane ne ke kallo. Ke da zuciya ɗaya kike yi, kina tunanin uwaye irinki ne a ɗaya gefen. Yawancinsu haka ne. Amma kasuwa ce, kowa na shiga. A farkon 2019 kamfanin YouTube da kansa ya rufe wurin sharhi a ƙarƙashin miliyoyin bidiyon da ke nuna ƙananan yara, bayan an gano miyagun mutane na taruwa a can suna rubuta abin da baki ba zai maimaita ba. A shekarar dai hukumomin Amurka suka ci kamfanin tarar dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara ba da yardar iyaye ba. Su kansu YouTube da TikTok sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Idan mai kasuwa ya ce kada yaro ya shigo shi kaɗai, akwai abin da ya gani. Ruwa ba ya tsami banza.

Ni da idona na tsufa, a bidiyo uku kacal na tasharki na gane launin ƙofar gidanku. Na ga lambar da ke jikin bango. Na karanta sunan islamiyyarsu a jikin hijabin da ke kan igiyar shanya. Na ji kina cewa “bayan mun dawo daga hadda ƙarfe huɗu.” Na san dalilin da ya sa kuka janye ƙananan daga makarantar nan ta bayan gari. Bayan satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, babu uwar da za a zarga don ta ji tsoro. To, 'yata, kada ki kulle ƙofar zaure ki bar taga a buɗe. Rigakafi ya fi magani.

Wani abin kuma ba a ganinsa sai a hankali. Yaro yana da saurin gane abin da ke sa fuskar uwarsa haske. Idan ya lura kin fi fara'a ranar da waya ke kunne, zai fara karatu don waya. Zai daina tambayar da yake tsoron ta zama ta wauta. Zai koyi cewa “na gane” alhali bai gane ba. Ke ma, ba da niyya ba, za ki fara zaɓen darasin da zai yi kyau a hoto, ki bar wanda yake bukata. Jadawalin sau ba ya da ban sha'awa a bidiyo. Maimaici ne, yau da gobe da jibi, har ya zauna. Amma a nan ilimin yake.

Na san akwai maganar kuɗi, kuma ba abin kunya ba ne. Rayuwa ta yi tsada. YouTube na fara raba kuɗin talla ne idan tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara, na kuma ji kin kusa. Allah ya sa albarka. Sai dai ki tsaya ki tambayi kanki, idan kuɗin ya zo, guminsa na wane ne? Turawa sun riga mu shan wannan ruwan. Akwai wani yaro, Jackie Coogan, da ya fito tare da Charlie Chaplin a fim a 1921, ya tara dukiya mai yawa tun bai san darajar kuɗi ba. Da ya girma ya nema, sai ya tarar uwarsa da mijinta sun kashe. Ya kai su kotu a 1938. Shekarar da ta biyo baya jihar Kalifoniya ta yi doka cewa a riƙa ajiye wa yaro ɗan wasa wani kaso na abin da ya samu. Faransa ta yi irin wannan doka a 2020 don yaran intanet, har ta ba yaro ikon ya nemi a cire bidiyonsa ko da iyayensa ba su so. Jihar Illinois ta Amurka ta bi sahu, dokarta ta fara aiki a 2024. Ba su yi waɗannan dokoki don iyaye mugaye ne ba. Yawanci da ƙauna ake farawa. Sai masu kallo su ƙaru, sai a ga wane bidiyo ne ya fi kawo kuɗi, sai a wayi gari yaro ba shi da lafiya amma ana cewa ya daure a ɗauka. Kwaɗayi ba ya sallama idan zai shigo gida.

Kada ki ɗauka ina cewa ki rufe tashar. A'a, wallahi. Kin iya koyarwa, kuma akwai uwaye a ƙauyuka da birane da ke neman wanda zai nuna musu da Hausa yadda ake koya wa yaro baƙi da ƙirga. Lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu, mun ga yadda iyaye suka rasa ta inda za su fara, har gwamnatoci suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Abin da kike yi sadaka ce mai gudana. Ba kuma baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, dattawan mata, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka suna kai wa mata karatu har cikin gidajensu. 'Yan Taru ake kiransu. Ilimin ya yi tafiya mai nisa, gidajen mutane kuma suka zauna da sirrinsu. Wayarki jaji ce ta zamani. Ki ɗora mata darasi, ki bar yaran a gida.

Ga misali daga nesa. Wani Ba'amurke, Salman Khan, ya fara koya wa wata 'yar'uwarsa lissafi daga wani gari a 2004. A 2006 ya soma ɗora darussan a YouTube, abin da ya zama Khan Academy, wadda miliyoyin yara ke amfani da ita a duniya. Ki buɗe tsofaffin darussansa ki gani. Baƙin allo ne, da rubutu mai launi, da murya. Ba a ganin fuskarsa, balle ta ɗalibarsa. Ya kuma ba da labari cewa 'yan'uwan nasa sun fi son sa a bidiyo a kan ido da ido, don suna iya tsayarwa su maimaita sau goma babu mai ganin ba su gane ba. Kin ji? Amfanin bidiyon karatu shi ne ya suturta ɗan koyo.

To ki yi haka. Ki kafa wayar a sama, ta kalli tabarma. A ga hannunki da murafen kwalba, a ji muryarki. Ki ce, “Yara da yawa sukan tsallake takwas, ga yadda za ki taimaka wa naki.” Duk uwar da ke kallo za ta amfana, kuma babu wanda ya san 'yar wa ce ta tsallake. Ki ɗauka bayan an tashi daga darasi, lokacin da suka tafi wasa. Angona ya riƙe miki kyamara, ya tace miki, ga shi ya samu wurin gwada hannunsa, ki kuma riƙa ba shi ladan aikinsa. Idan kakanni da gwaggwanni muna son ganin yaran, ki turo mana mu kaɗai, ki ce kada a tura gaba. Tsofaffin bidiyon da fuskokinsu ke ciki, ku zauna da maigidanki ku duba su ɗaya bayan ɗaya, ku sauke su ku adana a gida. Ba za ki iya dawo da wanda ya riga ya tafi ba, amma kina iya tsayar da na gobe. Kada ki zauna kina zargin kanki. Ni ma sai da na yi nawa kuskuren na gane.

Kin ce mini wani lokaci idan kin kalli bidiyon matan Amurka masu koyar da 'ya'yansu a gida, sai gwiwarki ta yi sanyi. Ɗaki guda na karatu, kantoci cike da littattafai, yara tsaf-tsaf suna murmushi. A can abin ya daɗe, doka ta yarda da shi a dukkan jihohinsu hamsin, suna da ƙungiyoyi da manhajoji da ɗakunan karatu na unguwa. A Jamus kuwa doka ta hana, dole yaro ya je makaranta. Kowace ƙasa da yadda take. Ki ɗauki dabarar da za ta yi miki amfani a wurinsu. Amma ki sani minti goma suka nuna miki daga cikin yini guda, bayan an share, an jera, an yanke wurin da yaro ya yi birgima. Kada ki auna tsakar gidanki da abin da aka tace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su ma nasu yana yoyo.

Abin da ya fi kanta da littattafai muhimmanci shi ne kada yaran su kaɗaita. Yaro yana koyon rabo da haƙuri da jiran layi a cikin 'yan'uwansa yara. Ki bar su a islamiyya, ki bar su su yi wasa da na maƙwabta. Ki kuma tuna dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare. Ki samo manhajar gwamnati ki riƙa bi, ki nemi wata malama mai aiki ta riƙa gwada su duk ƙarshen zango. Idon uwa yana da tausayi, wani lokaci ba ya ganin giɓi. Ranar da hankali ya kwanta kuka ga makarantar da ta dace, sai su shiga ajinsu ba tare da sun sha wahala ba.

Iyayenmu mata ba sa yabon ɗan fari a gaban mutane, ba sa ma kama sunansa. Muna yara muna ganin kamar rashin so ne. Sai da na haihu na gane wani irin tattali ne, kamar yadda ake rufe ƙwarya da faifai. Ba na ce ki koma zamaninsu ba, yabo yana gina yaro, ki yaba musu sosai. Ki yi shi a kunnensu, suna kallon idonki.

In Allah ya yarda ina nan tafe bayan Sallah, tare da ƙaninki idan ya samu hutu. Ki ce wa angona ya yi cajin waya, ina so ya nuna mini yadda ya ɗauki wurin yatsan nan, kuma ina da wani labari na zamanin majigi da nake ganin zai yi fim. Kishiyata kuwa zan zo mata da dabino. Za mu shiga ɗaki mu biyu mu ja labule, ta ƙirga mini su a kan faifai, duk wanda ta ƙirga nata ne. Ki gaida mini maigidan da kyau, ki ce na ji daɗin man zafin da ya aiko, gwiwar ta yi sauƙi.

Gwaggonki.